Hasumiyar da Na Dasa a Gonar Ɗanladi

Unguwar Magajiya, Suleja.

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Legas lafiya, kin samu ɗakin da aka yi miki alkawari, kin kuma ci abinci mai zafi. Na ba mamanki ita ta sa miki a ƙasan akwati saboda na san halina. In na zauna in yi miki magana baki da baki, a kan kula da waya da jaka a tasha zan ƙare, abin da nake son faɗa kuma ba zan faɗa ba. Allah ya tsare min ke a hanya da masauki.

Za ki fara aiki a kamfanin da ke haɗa fina-finan zane. Kin ce min mutum goma ne ke aiki a kan hoto ɗaya, kuma rabin kayan da ake jerawa a ciki sayowa ake yi a intanet. Na taɓa irin wannan aikin a ɗan ƙaramin mataki, lokacin kina jami'a a Zariya. Kin ga hotunan kin yaba, amma ɓarnar da na yi a bayansu ban taɓa gaya miki ba. Yau zan gaya miki.

Kin san na yi shekaru ina zanen taswirar gine-gine a wani ofis a Abuja, kullum in bi motar safe in dawo da yamma. Wata safiya cunkoso ya riƙe mu a Madalla, motar ko motsi ba ta yi. Matar da ke kusa da ni tana ta duba waya tana murmushi. Can sai ta juyo ta ce, "Baba, don Allah in tambaye ka. Mutumin da ke zaune a kan wata, yaya zai yi ya ga watan azumi?"

Na ɗauka zolaya ce. Sai ta ce ita Kirista ce, ba ta son ta rubuta abin da ba daidai ba, shi ya sa ta tambaya. Ita ce Malama Rahila, mutuniyar Filato, tana koyar da kimiyya a wata sakandare. Ta ce su tara ne a wani guruf na waya, suna rubuta labarin wani gari da mutanenmu za su kafa a kan wata nan da shekara ɗari uku. Sunan garin Tudun Wata. Kowa da unguwarsa da mutanensa, amma garin ɗaya ne, kuma abin da wani ya riga ya rubuta ya hau kan kowa. In wani ya ce ranar Talata ake ɗauke ruwa, to babu wanda zai sa matar labarinsa ta yi wanki ranar Talata.

Wunin ranar ban yi wa ofis aikin kirki ba. Ina jan layi a kwamfuta, ina tunanin mutum tsaye a kan wata yana neman wata. Da yamma na aika mata cewa a ganina sai dai su bi ganin mutanen ƙasa, a riƙa aiko musu da saƙo, amma ta ƙara tambayar malamai. Kafin in iso gida ta sa ni a guruf ɗin. Na tarar suna da labarai da yawa, hoto ko ɗaya babu. Na ce ni zan yi.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne samfuran nan da ake sayarwa, waɗanda ku kuke kira modal. A ofis mun saba da su. Wani can a wata ƙasa ya zauna ya ƙera mota ko itace ko mutum a kwamfuta, da gaba da baya da gefe, kana juya shi kamar ka riƙe a hannu. Kai kuma ka saya, ka jera a gaban zanen gininka, ka haska, ka ɗauki hoto. Da na leƙa sashen kayan sararin samaniya, Ummi, sai na koma kamar wanda ya fara shiga babbar kasuwa. Jirage, rigunan iska, gidaje masu rufin gilashi, komai an gama ƙerawa yana jiran mai saye.

Kasuwar Tudun Wata na fara yi. Na sayi wata babbar rumfa ta ƙarfe da mutanenta, na jera su yadda suka zo, na aika. Guruf ya cika da yabo. Na kai wa mamanki wayar tana tsince shinkafa a tsakar gida.

Ta duba ta ce, "Malam, wannan asibiti ne?"

Na ce, "Kasuwa ce."

Ta ce, "Kasuwa babu tabarma, babu mai zaune a ƙasa? Mai awo a ina za ta ajiye kwanonta? Ita kuma wannan, da wannan matsattsen kayan, yaya za ta yi goyo?"

Na karɓe wayata raina a ɓace. Amma da na sake kallon hoton sai na ga abin da ta gani. Kujeru duk dogaye. Ƙofofi mutum ɗaya kawai ke wucewa, ba a yi su don mai kaya a ka ba. Babu baranda, babu wurin da biyu za su tsaya su gaisa ba su tare hanya ba. Wanda ya ƙera rumfar bai yi laifi ba, kasuwar garinsu ya sani, ita ya ɗaga ya kai sama. Ni ne na kwaso garinsu na ce namu ne.

Ranar Asabar na shiga kasuwarmu da waya, ina ɗaukar hoton abubuwan da na yi shekara hamsin ina wucewa ban kalla ba: tamfol mai faci, buhun da aka naɗe bakinsa, tulin kwanonin awo, zanen atamfa da rana ta ci. Na koyi yadda ake lulluɓa waɗannan hotuna a jikin samfuri. Na faɗaɗa ƙofofin, na sauke teburan. Malama Rahila ta ce min a kan wata nauyin abu yana komawa kashi ɗaya cikin shida, sai na tambaye ta, to ke nan mai talla za ta iya ɗaukar faranti shida? Ta ce za ta iya, in dai ta iya tsayar da su. Na jera wa wata mata faranti shida a ka. Daga nan muka shiga gardamar ko man suyar ƙosai zai riƙa fantsama har rufi, muka kwana uku a kanta, a ƙarshe aka yarda kaskon Tudun Wata zurfi gare shi kuma da murfi.

Don haka duk abin da aka miƙo miki a kammale, ki juya shi ki tambaye shi daga ina ya fito, wa aka yi wa shi, wa aka manta. Sayen ba abin kunya ba ne. Tela ma ba shi ke saƙa yadi ba. Abin kunya shi ne ki ajiye shi yadda ya zo saboda kin ji nauyin tambaya. Kuma ki riƙa nuna aikinki ga wanda bai san kwamfuta ba. Shi ba ya ganin wahalar da kika sha, abin da ke gabansa kawai yake gani.

Akwai wani abu da na fi jin kunyarsa. Da hotunan suka fara yawo, mutane suna cewa hannun Malam Hudu akwai albarka, dubi jirgin Tudun Wata da ya zana. Ban ce ni na ƙera ba, amma ban ce ba ni ba ne. Na yi shiru, shirun kuma ya yi min daɗi. Ana nan sai wata rana Malama Rahila ta turo min hoto ni kaɗai, ba a guruf ba. Wani allon talla ne a bakin titin Abuja, na wani kamfanin sayar da filaye. A samansa ga jirginmu, shi ɗin dai, har da ɗan lanƙwasar da ke fiffikensa na hagu. Su ma inda na saya suka saya. A ƙasa ta rubuta, "Baba, sun sace mana jirgi ne, ko akwai abin da ban sani ba?"

Da na ce sun sace, da ta yarda, don ta yarda da ni. Na kira ta na gaya mata gaskiya. Ta ce, "To ai da ka faɗa tun farko, babu wanda zai rage maka komai. Randar da ke bakin ƙofar jirgin su ba su da ita." Ranar na rubuta a guruf abin da na saya da abin da na yi da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Tun daga lokacin kowane hoto yana fita da sunan maƙerin samfurin a ƙasa.

Wannan ne ma ya sa na koma na karanta sharuɗɗan da ake danna wa "na yarda" ba a duba ba. Sai na ga an ba ni izinin yin hoto da jirgin, amma ba a ba ni izinin raba fayil ɗinsa ba, ni kuwa na riga na tura wa mutum biyu. Na sa suka goge, na rubuta wa mai shi da Turancina na ofis ina ba da haƙuri, na haɗa da hotonmu. Ashe mace ce, a wata ƙasa mai sanyi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta gode da na faɗa, sannan ta tambaya, wannan tukunyar ƙasa da ke bakin ƙofa ta mece ce? Na yi mata bayanin randa, yadda take sanyaya ruwa, da yadda baƙo ke sha kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Ta ce shekara biyu tana sayar da jirgin, ba ta taɓa tunanin wani zai ji ƙishirwa a cikinsa ba.

Ki faɗi abin da kika saya, ki faɗi abin da kika yi, tun kafin a tambaye ki. A inda za ki, za a yabe ki a kan abin da ba naki ba, kuma babu wanda zai sani sai ke. Ki gyara maganar nan take, tana ƙarama. Sharuɗɗa kuma ki karanta su ko sun kai shafi nawa. A bayan kowane fayil akwai mutum da ya zauna har bayansa ya yi ciwo.

Yanzu ga babbar, wadda saboda ita na ɗauki biro.

A cikinmu akwai Ɗanladi, mutumin Maje, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana gyaran famfo da injin ban ruwa. Ba ya yawan magana a guruf. Unguwarsa a Tudun Wata gona ce: fili mai faɗi a ƙarƙashin rufin gilashi, ana noma dawa da doya a ƙasar da aka ɗauko daga gida buhu-buhu, a tsakiya kuma akwai ɗorawa guda ɗaya da kakar mutanen labarinsa ta taho da irinta a ƙulle a bakin zane. Labaransa ba faɗa, ba tashin hankali. Mutane ne ke noma suna hira.

Ni kuma na ga wata hasumiya a kasuwar intanet, doguwa, mai hawa arba'in, tana walƙiya. Na saya don ta burge ni, ba don wani ya rubuta ta a labari ba. Da na tashi yin babban hoton garin gaba ɗaya, na rasa inda zan sa ta. Ko'ina a cike, sai gonar Ɗanladi ce fili. Na nemi samfurin ɗorawa a duk inda ake sayarwa ban samu ba, itatuwan ƙasashen sanyi ne kawai da dabino. Sai na ce a raina, tunda itacen ma babu, bari in sa hasumiyar a nan, gonar ta koma gefe. Ban tambaye shi ba. Ban ma yi tunanin akwai abin tambaya ba.

Hoton ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Kafin mako biyu mutum uku sun rubuta labarai a kan hasumiyar. Wani ya sa ofishin hakimin gari a hawa na ƙarshe, wata ta sa masoya suna haɗuwa a matakalarta. Ta zama gaskiyar Tudun Wata, bisa dokar da muka yarda da ita. Ɗanladi bai ce komai ba. Ya daina rubutu, bayan wata ɗaya kuma muka ga ya fita daga guruf.

Na ce wa Malama Rahila wataƙila aiki ne ya yi masa yawa. Ta ce, "Baba, ka taɓa zuwa Maje kwanan nan? Ka je ka same shi."

Na je ranar Lahadi da hantsi. Rabona da Maje ya kai shekara goma, na kusa ɓata. Inda na san gonaki, katanga ce ta bulo doguwa da ƙofar ƙarfe, a ciki gidaje iri ɗaya a jere. Na samu Ɗanladi a ƙofar gida ya kwance wani injin yana wanke shi da fetur. Ya tashi ya ba ni benci, ya sa aka kawo ruwa, muka gaisa sosai. Sannan na ce na zo ne in ji ko lafiya.

Ya goge hannu ya ce, "Oga Hudu, zo ka ga wani abu."

Muka taka zuwa jikin katangar nan. Ta samanta ana hango kan wata ɗorawa, ita kaɗai, an kewaye ta da ginin da ba a gama ba.

Ya ce, "Daga nan har rafi gonar babana ce. A ƙarƙashin itacen can muke cin abinci in rana ta yi. Da aka zo da takardu, an nuna mana hoto mai kyau, gidaje da itatuwa kore shar a gabansu. Ban ce an cuce mu ba, manya sun sa hannu. Amma yanzu in zan ga itacen sai na yi ɗage." Ya ƙara da cewa, "Shi ya sa na kai gonar can kan wata. Na ce can dai babu mai zuwa da takarda. Sai ga shi can ma an zo."

Ba ofishinmu ne ya zana waɗannan gidajen ba, amma na zana irinsu ba adadi. Ni ne mai jera itatuwan saye a gaban hoto don ya yi kyau, ban taɓa tambayar wane itace ne a tsaye a wurin kafin in ja layi ba. Fili a kwamfuta fari ne, babu kowa a ciki. Shekara ashirin ina kallon farin nan, har na ɗauka haka filaye suke.

Na ba shi haƙuri, na ce yau ɗin nan zan goge hasumiyar.

Ya ce, "A'a. Mutum uku sun yi gini a kanta. In ka goge, ka yi musu abin da ka yi min."

Na ce to yaya za a yi? Ya ce shi ma bai sani ba, amma zai yi tunani.

Bayan kwana goma ya dawo guruf da labari mafi tsawo da ya taɓa rubutawa. Manoman Tudun Wata sun kai ƙara gaban majalisar gari. An yi zama bakwai, an ji bakin kowa, har masoyan nan na matakala sun ba da shaida. A ƙarshe aka yanke cewa za a sauke hasumiyar hawa-hawa a mayar da ita bakin gari, hawan ƙasa kuma a bar wa manoma su yi rumbu. Waɗanda suka yi rubutu a kanta babu wanda ya rasa labarinsa, sai ma suka samu na ƙari. Ni aka bar wa aikin hoto. Samfurin a dunƙule aka sayar min da shi, sai da na koyi yadda ake yanka shi gunduwa-gunduwa, abin da ban taɓa yi ba. Mako shida na yi. Hoton da ya fito, na mutane suna sauke bene da igiya a kan wata, kowa ɗauke da abin da a ƙasa sai mutum shida, shi ne wanda kika ce ya fi duka. Yanzu kin san inda ya fito.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, mai hoto ya fi mai rubutu ƙarfi, ko da bai nufa ba. Mutum zai yi shafi goma yana bayani, ke ki zo da hoto ɗaya, kowa ya manta da shafukansa. Saboda haka in kina aiki a duniyar da ba taki ke kaɗai ba, kafin ki ajiye komai a inda kika ga fili, ki tambaya na wane ne. Wanda ya fi kowa shiru a ɗakin, shi za ki fara tambaya. Kuma kada ki sa abu a hoto don kawai kin riga kin saye shi. Akwai samfura a kwamfutata da ban taɓa amfani da su ba, kuma ba sa hana ni barci.

In kuma kin riga kin yi ɓarnar, ki je da ƙafarki. Kada ki aika saƙo. Da saƙo na aika wa Ɗanladi, da ya ce ba komai, da kuma har yau ban ga katangar nan ba.

Saura roƙo ɗaya. Har yanzu a tsakiyar gonar Ɗanladi babu itace, don na ƙi sa na wata ƙasa, ni kuma ban iya ƙira daga tushe ba, ke ce kika iya. Makon jiya mun koma Maje ni da shi, muka roƙi mai gadi ya bar mu muka shiga. Na ɗauki ɗorawar ta kowane gefe, da ɓawonta, da ganyenta, da yadda reshe ɗaya ya karkata gabas. Mai gadin ya ce ba ya jin za ta kai damina mai zuwa. Hotunan suna cikin ɗan filashin kwamfuta da na naɗe a takardar nan. Ba na gaggauta ki, ki fara zama daram a wurin aikinki. Amma in kin samu sarari, ki ƙera mana ita. In kin gama ki aiko wa Ɗanladi tukuna, shi zai ce ta yi ko ba ta yi ba. In ya yarda, ki sa ta a kasuwar, da sunanta na Hausa, don wanda ya zo neman itace daga ko'ina a duniya ya tarar da ita a cikin jerin.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce kada ki bar karin safe. Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutane, ya haɗa ki da abokan aiki masu gaya miki gaskiya, ya sa albarka a idonki da hannunki. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Babanki,
Hudu